Sa Hannu na Biyu

A rumfunan gyaran jirage ba wanda ke kiranta da sunanta. Mai Madubi suke ce mata, saboda wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, irin na likitan haƙori, da ba ya rabuwa da aljihun rigar aikinta. Da shi take leƙa bayan bututu da ƙarƙashin noti, wuraren da ido ba ya kaiwa. Shekararta goma sha bakwai tana aiki da hukumar ƙasa mai sa ido kan lafiyar jiragen sama, aikinta kuma guda ne: ta je inda aka ce an gyara jirgi, ta tabbatar an gyara shi ɗin. In ta gamsu, jirgi ya tashi. In ba ta gamsu ba, akwai wata takarda mai jan baki a jakarta, wadda in ta cike ta miƙa, ko fasinjoji sun riga sun zauna sai sun sauko.

Ba ta sanar da zuwanta. Ba ta shan shayin kamfani, ba ta shiga motarsu, in an ba ta kujera mai laushi sai ta ce bayanta ya fi son benci. Makanikai na cewa ko sallama ka yi mata sai ta juya ta ta duba bayanta kafin ta amsa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, tun tana 'yar shekara tara take zama kusa da teburinsa tana kallon mutane suna rantsuwa cewa agogo bai taɓa faɗuwa ba, shi kuma ya buɗe ya nuna mata inda ya bugu. Daga nan ta tafi makarantar koyon gyaran jirage. Da ta gama, rumfa uku suka ƙi ɗaukarta, wai mace ba za ta iya ɗaga taya ba. Wanda ya ɗauke ta shi ne babban injiniyan wani ƙaramin kamfani, mutumin da kowa a filin jirgin ke kira Baba. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ƙarƙashinsa. Shi ya koya mata riƙe sifana, shi ya rubuta takardar da ta kai ta hukuma, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta, don lokacin mahaifinta ya rasu.

To, takardun rumfar Baban nan ne suka kwana uku a kan teburinta suna hana ta sukuni.

Kamfanin ya nemi a sabunta masa izinin gyara, ya aiko da bayanan aikin shekara biyu kamar yadda doka ta ce. Akwai wata ƙa'ida da duk mai gyaran jirgi ya sani. Duk aikin da ya taɓa igiyoyin ƙarfen da matuƙi ke juya jirgi da su, ba a yarda da idon mutum ɗaya ba. Wanda ya yi aikin zai sa hannu. Sannan wani injiniya daban, wanda bai taɓa aikin ba, ya shiga da tocilarsa ya duba kamar bai taɓa sanin na farkon ba, shi ma ya sa hannu. A takardun nan, sa hannu na farko kullum na Baba ne, na biyu kuma na mataimakinsa, wani ƙato da ake ce wa Dogo. Ta ƙirga irin wannan aiki sau sittin da ɗaya. A cikinsu duka, Dogo bai taɓa rubuta cewa ya ga wani abu da ke son gyara ba. Ko sau ɗaya. Tsakanin sa hannu na farko da na biyu kuwa, kullum minti biyar ne, wani lokaci huɗu.

Ita ma ta yi irin wannan aiki, ta san cewa ko waliyyi ka bi bayansa sau sittin sai ka tsinci wani abu: waya ta yi tsawo, noti bai zauna daidai ba, an manta tsumma. Takarda mai tsabta irin haka ba ta taɓa kwantar mata da hankali ba. Ta je ta roƙi shugabanta ya tura wani, ta faɗa masa alaƙarta da Baba ba ɓoye-ɓoye. Ya ce mutum biyu ne kaɗai a hukumar ke da izinin duba irin waɗannan jirage, ɗayan kuma yana wajen kwas, sai bayan wata biyu. "Ke kika gani, ke za ki je," in ji shi. "In kin samu abu, ki rubuta. In kin kasa rubutawa, ki zo ki faɗa mini da bakinki."

Ranar da za ta je, da safe, maigidanta ya tarar da ita tana ta juya cokali a kofi. Shi a hasumiyar filin jirgi yake aiki, cikin masu ba matuƙa izinin sauka da tashi, kuma hukumar matarsa ce ke gwada masa ido da kunne duk shekara, ta saurari muryarsa da aka naɗa ta ji ko ya yi kuskure.

"Sukarin nan ya narke tun jiya, uwargida," ya ce.

"Rumfar Baba zan je."

"To madalla, ki gaishe shi."

"Ba gaisuwa ce za ta kai ni ba."

Ya aje burodinsa ya dube ta. "Kai, mutanen hukuma! Ni dai na saba, har a gidana ana sauraron muryata. Amma Baba? Me ya yi?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa zan je."

"In kuma kika samu?"

Ta miƙe. Ta duba gas, ta duba ƙofar baya, ta ɗauki jakarta.

Ƙarfe takwas da rabi ta isa. Rumfar tana can ƙarshen filin, bayan ma'ajiyar mai, kwanon rufinta ya yi tsatsa a gefe guda amma daɓen ƙasan tas yake, kowace sifana tana rataye a kan zanenta a jikin allo. Kamfanin jirage uku gare shi, masu farfela, kowane yana ɗaukar mutum goma sha tara zuwa garuruwan da hanyarsu ta lalace. Ɗaya daga cikinsu yana tsaye a bakin rumfar, an sauya masa igiyoyin wutsiya jiya, zai tashi ƙarfe sha ɗaya da fasinja goma sha bakwai.

Manajan kamfanin ne ya fara tarbarta, da fara'ar da ta fi ƙarfin safiya. "Ranki ya daɗe! Da kin kira ai da mun shirya."

"Shi ya sa ban kira ba."

Shi ta fara zargi. Ta sha ganin manajojin da ke tsaye a kan injiniyoyi da agogo a hannu, suna cewa a sa hannu kawai jirgi ya tafi. Ta tambaye shi yaushe aka shigo da jirgin, yaushe aka gama. An shigo da shi shekaranjiya, an gama jiya da la'asar, ba wanda ya matsa wa kowa. Ta shiga sito ta ce a kawo mata takardun sababbin igiyoyin, ko na jabu aka sa ake ɓoyewa. Ta gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, duka sun dace. Ta je wajen mai gadi ta karɓi littafin shiga da fita, ko Dogo ba ya nan a ranakun da aka ce ya duba. Yana nan, kowace rana. Ta kira Dogon, ta miƙa masa farar takarda ta ce ya sa hannu sau uku, don ta fara tunanin ko wani ke sa masa. Hannunsa ne, har da 'yar ƙugiyar da yake yi a ƙarshe. Sai dai gumi ya tsatso masa a goshi alhali rana ba ta yi zafi ba.

Tana cikin haka Baba ya fito daga ɗan ofishinsa. Ya haura saba'in, siriri, a miƙe kamar sanda, farar rigar aikinsa a goge. Ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda ta saba.

"'Yar nan, yau ke ce a rumfarmu? Ina maigidan? Har yanzu yana can sama yana yi wa matuƙa tsawa?"

"Yana nan, Baba, yana gaishe ka."

Ya dubi littafin mai gadi a hannunta, ya dubi farar takardar da Dogo ya sa wa hannu. Fara'arsa ta ragu. "Me ake nema?"

"Sabunta izini ne, Baba. Ina bin takardu."

"Takardu ai suna ofis. Wannan kuwa littafin mai gadi ne." Ya ɗan jira, da ya ga ba za ta ƙara ba sai ya ce, "To, a bi lafiya," ya juya.

Ta ce wa Dogo ya raka ta bayan rumfa, inda ake jibge tsofaffin tayoyi. Shekararsa arba'in da huɗu, ya fi ta tsawo da kai guda, amma ya tsaya gabanta da hannuwa a baya kamar ɗan makaranta.

"Jiya ka duba igiyoyin wutsiyar jirgin can?"

"Na sa hannu, ranki ya daɗe."

"Na ga hannunka. Ka duba nake tambaya."

"Maɗaurai huɗu ne a wurin, kowane da wayarsa ta kulle..."

"Wannan a littafi yake, ni ma na karanta. Dogo, ni na yi shekaru ina shiga ramin wutsiyar nan. Da ƙanƙantata, shiga da fita kaɗai minti takwas yake ci mini, sai na fito da baƙin maiko a kafaɗa. Kai da wannan ƙirjin naka, ka shiga, ka duba maɗaurai huɗu, ka fito, ka sa hannu, duk a minti biyar? Ko aljanu ke ɗaukar ka?"

Ya kafa wa tayoyin ido.

"Manaja ne ya hana ka?"

"A'a, wallahi."

"Baba ne ya ce kada ka shiga?"

"Baba bai taɓa cewa haka ba." Ya share goshinsa da hannun riga. "In ya gama yakan ce, Dogo ga shi nan, ya tafi wanke hannu. Ni kuma in hau tsani in sa kaina a ƙofar ramin."

"Sai ka ga me?"

"Ba na kunna tocila."

Ta dube shi, ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Yaya," ya ce, ya bar ranki-ya-daɗen ya koma yadda yake kiranta sa'ad da suke rumfa ɗaya, "ke kin san ko wane ne Baba. Ni ɗan shekara sha tara na zo nan, ban san hagu daga dama ba. Ta yaya zan bi bayansa da tocila ina lalube kamar na kama ɓarawo? Sau ɗaya na taɓa yi, shekara tara ke nan. Na ce masa Baba, wayar nan kamar ta yi sako-sako. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, to Dogo, an girma. Ya gyara. Sati biyu yana kirana injiniya, in na gaishe shi sai ya miƙe tsaye ya amsa. Na fi son ya mare ni. Tun daga ranar nake tsayawa a kan tsanin nan in ƙirga minti biyar, in sauko."

Ta zo da zargin cin hanci, da kayan jabu, da satar sa hannu, ta shirya wa kowane. Wannan ne ba ta shirya masa ba, kuma ya fi su ba ta tsoro, don babu wanda ya ci komai balle a kama shi. Shekara tara jiragen nan suna yawo da mutane a kan idon tsoho ɗaya, kowa yana zaton ido biyu ne.

"Shi ya san ba ka dubawa?"

"Bai taɓa tambaya ba."

Ƙarfe goma da kwata ta koma cikin rumfa. An riga an fara loda jakunkuna. Ta ce wa manaja a dakata, a buɗe ƙofar ramin wutsiya. Ya fara lissafa mata fasinjoji, akwai mai jego, akwai wanda za shi jana'iza. Ta ce ta ji, a kawo tsani.

Baba ya fito ya tsaya a gindin tsanin, hannu a aljihu. "Aikina za ki bi?"

Makanikai duk sun aje abin da suke yi. Ta sa ƙafa a matakin farko, sai ta tsaya. A nan ta gane abin da Dogo ke faɗa. Mutumin nan shi ya nuna mata yadda ake murɗa wayar kulle, ya riƙe hannunta a kan filaya har ta iya. Ta ji kamar ta ce takardu sun isa, ta sauko. Ta san kuma in ta sauko yau, to ita ma ta zama Dogo, sai dai ita da hatimin hukuma.

"Ka yi haƙuri, Baba. Doka ta ce mutum biyu. Jiya mutum ɗaya ne ya gani."

Ya juya ya dubi Dogo. Dogo ya sunkuyar da kai.

Ta kunna tocila ta shige rub da ciki. Wurin matsattse ne, ga zafi, ga warin maiko. Kowace igiya tana da maɗauri da ake murɗawa a ja ta, sannan a zarga siririyar waya a kulle shi don kada girgizar jirgi ta kwance shi. Na farko daidai yake. Na biyu ma haka, murɗin wayar shar kamar kitso, hannun Baba ne ko a mafarki ta gani za ta gane. Na uku ba abin cewa. Har ta fara fatan a ce ta ɓata wa mutane lokaci a banza. Na huɗu yana can ƙurya, bayan wani ƙarfe, sai da ta miƙa madubi. Wayar tana nan, an murɗa ta da kyau, amma a juye aka zarga ta. Maimakon ta riƙe maɗaurin ta wajen ɗauruwa, tana jan sa ne ta wajen kwancewa. Bai motsa ba tukuna. Zai iya yin wata shida bai motsa ba, zai iya motsawa a sati uku. Ba wanda zai iya faɗa. Ta duba sau biyu, ta ɗauki hoto, ta ja da baya ta fito.

"Baba, na huɗun."

Bai tambaye ta me ya same shi ba. Ya cire agogonsa ya miƙa wa wani makaniki, ya hau tsanin da kansa, ya ƙi a riƙe shi. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya ce, "Dogo, kawo filaya da waya."

"Za ka iya gyarawa, Baba," ta ce. "Amma ba Dogo zai duba ba. Zan kira injiniya daga wata rumfa. Jirage ukun kuma ba wanda zai tashi sai an sake bin igiyoyinsu duka."

"Duka ukun!" in ji manaja. "Ranki ya daɗe, waya ɗaya ce fa!"

"Ɗaya na gani. Ban san abin da ke cikin sauran ba, kai ma ba ka sani ba."

Ta ɗora jakarta a kan benci, ta fito da takardar mai jan baki ta cike. Akwai gurbin da ake rubuta sunan wanda ya yi aiki da lambar lasisinsa. Ba ta buƙaci ta tambaya ba, ta san lambar Baba da ka tun tana koyo. Ta rubuta ta, ta rubuta ta Dogo a ƙasa. Ta miƙa wa Baba ya sa hannu cewa ya karɓa. Ya gyara tabarau, ya kai takardar kusa da fuska, ya nisanta ta, ya sake kawo ta kusa. Ta lura da wannan, ta ƙi ɗauke ido. Da ta koma ofis ta ƙara layi ɗaya a rahotonta, cewa a gwada masa ido.

Fasinjoji goma sha bakwai ɗin sun kwana a gari, wasu suna zagin kamfani, wasu suna zagin hukuma. Kwana huɗu aka yi ana bin jiragen. An sami ƙarin wurare biyu masu son gyara a jirgi na biyu, a na ukun kuwa ba a sami komai ba. Kwamitin hukuma ya zauna bayan sati biyu, ba tare da ita ba, don ta nemi a cire ta. An dakatar da Dogo daga sa hannu na wata shida, sai ya sake kwas. An riƙe lasisin Baba har sai ya je gwajin ido. An kuma umarci kamfanin cewa daga yanzu mai duba aikin babban injiniya kada ya zama wanda ya koya a hannunsa. Ita kuma ta koma ɗakin ajiyar takardu ta fara zaro fayil ɗin sauran ƙananan rumfuna, tana neman inda maigida da yaronsa ke sa hannu a layi ɗaya. Ta sami huɗu.

Baba bai je gwajin idon ba. An aika masa takarda sau biyu, bai amsa ba. Wata Asabar da hantsi ta sayi lemo da ayaba ta tafi gidansa. Matarsa ta tarbe ta a tsakar gida, ta shimfiɗa mata tabarma, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, Baba yana ciki?"

"Yana ciki, 'yar nan, amma barci yake. Jiya bai ji daɗin jikinsa ba."

Takalmansa suna bakin ƙofa, labulen ɗakin a sake. Sa'ad da ta shigo ta ji rediyo na magana a ɗakin, yanzu an rage shi har ba a ji. Ta zauna rabin awa suna hirar tsadar kayan miya, tana sauraron labulen da kunne ɗaya. Sau ɗaya aka yi tari a ciki, irin na wanda yake zaune.

Ta miƙe ta gyara mayafi. "In ya tashi ki ce na zo. Ki ce masa likitan idon yana zama Talata da Alhamis, ba sai ya bi layi ba."

"Zan faɗa masa."

Ta ɗan ɗaga murya yadda za ta ratsa labule. "Zan dawo Asabar mai zuwa."

Mama ta raka ta har bakin ƙofa.